Ƙafar Wandon Kofur Istifanus

Ku ukun da ke koyon ɗinki a wurina kuna cewa ina da faɗa. Gaskiya ne, ina da shi, kuma ban ga ranar dainawa ba. Amma tunda kun fi yarda da abin da kuka karanta a waya a kan abin da ya fito daga bakina, to ga shi na rubuta. Ku karanta, ku huta da tambayata dalilin da ya sa ba na barin ɗayanku ta taɓa almakashi sai ta maimaita mini abin da mai kaya ya ce.

Shekarata goma sha ɗaya a kan keke. Na shigo mami, wato kasuwar barikin sojojin nan, wata biyu bayan na gama sakandare. Sakamakon jarrabawa bai yi kyau ba, zaman gida a Karu kuma ya ishe ni. Wata maƙwabciyarmu ta haɗa ni da Madam Saratu, matar wani saja da ya rasu tun kafin a haife ni, wadda ta shekara talatin tana ɗinkin kaki a layin teloli. Mama muke kiranta. Ranar farko ba ta ba ni allura ba, guduma ta ba ni. Na ce, “Mama, ɗinki na zo koyo ko kafinta?” Ta ce, “Zauna ki gani, mai baki.”

Ku da kuka saba da atamfa da leshi kuna ganin ɗinki wasa ne: a yanka, a tura a keke, a sa dutse mai ƙyalli, a ɗauki hoto. Kaki ba ya son wannan. A gindin aljihu yadi huɗu ne ke haɗuwa wuri ɗaya, in ba ki daka wurin da guduma ya kwanta ba, allura za ta karye ta yi tsalle, kuma ido take nema. Allura lamba sha takwas muke sawa, ba ƙasa da haka ba. Zaren roba ba ya zama a kaki, don soja yana guga da dutse mai zafi kamar yana jin haushin wandon, zaren sai ya narke a bar shi da kunya a filin fareti. Alli ba ya fitowa a kan kamo, wato kakin nan mai zanen ganye, sai dai guntun sabulun da ya sha wanka ya zama siriri. Reza kuwa ita ce rabin sana'ar, domin yawancin abin da ake kawo mana ba sabo ba ne, gyara ne. Kafin ki ɗinka taki ɗaya kin warware taki biyu.

Aikina na farko da hannuna, igiyar wani saja ce. Aka ƙara masa girma, ya kawo riga da igiya uku ya ce a ɗora a hannu. Na ɗora, ɗinki tsaf, ko zare ɗaya bai leƙo ba. Ashe a kife na sa. Mutumin ya juya rigar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, “Ƙanwata, shekara tara ina jiran abin nan, ke kuma cikin minti goma kin kifar da ni.” Duk layi aka yi dariya. Mama ba ta yi ba. Ta miƙo mini reza ta ce in warware a gabansa, a tsaye.

Akwai abu ɗaya da ban koya a hannunta ba, kuma ku riƙe shi don shi ne tushen maganar. Innata ta yarda in yi aiki a cikin sojoji da sharaɗi ɗaya: ba zan durƙusa gaban namiji da tef ina auna cinyarsa ba. Mama ta ce ba komai, ita tsohuwa ce, za ta riƙa awo. Ni sai na koyi ɗaukar awo daga tsohon wando, daga baya ma da ido. Mutum zai tsaya a bakin shago in ce ƙugunsa talatin da huɗu, a auna a ga haka ne. Idona ya yi kyau har ya lalata mini kunne. Na daina sauraron masu kaya, don ina ganin na riga su sanin abin da suke so.

Masu kawo mana aiki iri biyu ne. Akwai sojan Abuja, mai tsaron ƙofar manya ko riƙe wa madam ɗin oga jaka a kasuwar Garki. Shi kullum ƙari yake nema a ƙugu, kakinsa kore shar, yana ƙamshin sitaci. Sai kuma wanda ya dawo daga arewa maso gabas. Shi ba sai ya faɗa ba. Rana da wanki da ruwan rijiya sun cinye launin kakinsa, koren ya koma fari-fari kamar an yayyafa masa toka, ƙugu kuma ragi yake nema, inci uku, inci huɗu, wani ma sai an cire aljihun baya an mayar. A layin teloli masu toka muke ce musu. In an ce “ga mai toka nan,” kowa sai ya sunkuyar da kai kan kekensa kamar aiki ya yi masa yawa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba a son su. Mai sayar da abinci tana ba su kujerar can gefe kusa da kwata, wai kansu ya taɓu, ƙarar murfin tukunya kaɗai tana iya sa su kifar da tebur. Masu gidajen haya a Karu da zarar sun ji daga ina mutum ya dawo sai ɗaki ya zama an riga an kama. Yaran mota suna ce musu, “Oga, an gama ne ko hutu aka zo?” Masu manyan riguna na ma'aikatu kuwa, da suke zuwa mami cin gasasshen kifi, a gabansu suke cewa yaƙin nan ai kasuwa ce, ba wanda ke son ya ƙare. Kamar kofur mai igiya biyu ne ke cin ribar.

Ni ina da nawa dalilin, ko abin da na ɗauka dalili ne. Innata mutuniyar Borno ce. Yayanta, Kawu Modu, yana zaune a sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro da iyalinsa, cikin ɗakin buhu da kwano, mutumin da yake da shanu da gonar wake a garinsu. Duk Juma'a muna kai musu abinci. Labarinsa ɗaya ne kullum: “Da asuba muka ji motocin soja sun tashi. Ba wanda ya ce mana ku fito. Sawun tayarsu muka bi muka tsira.” Maƙwabciyarsa kuma sojoji ne suka kwashe 'ya'yanta biyu a mota don bincike, har yau ana binciken. Da wannan nake dawowa shago ranar Asabar.

Wata rana wani mai toka ya kawo wando ya yage a mazaunai. Na ɗaga shi sama yadda kowa zai gani na ce, “Oga, ya aka yi duk yagar taku a baya take? Ba wanda ke yagewa ta gaba ne?” Layi ya kwashe da dariya. Har mai wankin takalma ya riƙe ciki. Mutumin ya karɓi wandonsa ya naɗe ya tafi. Maganar ta zama abin tsokana a mami har ta kai wurin masu kifi, ni kuma ina jin daɗi ana ambaton sunana, ana cewa Rabi ce ta fara.

Shekarar da muke kira muguwar shekara ita ce ta huɗu da zuwana. Ba sabon ɗinki, ba bikin ƙarin girma, sai ragi da faci. Ana kwaso masu rauni a kai asibitin bariki, ana kwasar wasu a tura fagen yaƙi. Da yawa sun kawo gyara suka ce sai sun dawo, ba su dawo ba. Mama ba ta zubar da kayan kowa. Takan naɗe, ta rubuta suna a takarda ta maƙala da fil, ta sa a wani babban buhu a ƙarƙashin teburin yanka. Kafin damina ta ƙare buhun ya cika har muna buga gwiwa da shi.

A cikin wannan shekarar, wata Alhamis, Mama ta tafi Jos jana'izar ƙanwarta ta bar ni ni kaɗai da aiki har wuya. Wajen la'asar na ji ƙwas, ƙwas a bakin shago. Na ɗaga kai na ga dogon mutum baƙi a kan sanduna biyu, da gajeren wando na wasanni. Ƙafarsa ta hagu ta ƙare kaɗan a ƙasan gwiwa, an naɗe dungulmin da bandeji. Leda na rataye a wuyan hannunsa.

“Sannu da aiki, madam tela. Mama ba ya nan?”

Hausarsa irin ta mutanen Filato ce, mace da namiji duk ɗaya. Na ce ba ta nan, me ake so.

“Sunana Kofur Istifanus. Wando ne na kawo. Ƙafan hagu yana jan ƙasa, yana kama mini sanda. Jiya saura kaɗan in faɗi a bakin asibiti. Mande ina da bod, so ina so a gyara shi yadda…”

“Na gane. Ajiye nan. Gobe da yamma.”

“Ba za ki duba a jikina ba? Don abin da nake so shi ne…”

“Oga Kofur, na ce na gane. Ina da ido.”

Na taka keke da ƙarfi yadda ƙararsa za ta rufe sauran maganar. Ya ɗan tsaya, ya sa ledar a kan benci, ya juya. Juyawa a kan sanduna a ƙofa mai faɗin taki huɗu tana ɗaukar lokaci, kuma duk lokacin ban ɗago ba.

Da na buɗe ledar na ga toka sosai, irin wadda ta shekara biyu a rana. Na shimfiɗa wandon a tebur, na tuna inda na ga ƙafarsa ta ƙare, na ja layi da sabulu yatsa huɗu ƙasa da facin gwiwa, na sa almakashi. Sannan na rufe bakin kamar jaka, na zagaye shi yadda ba kusurwar da za ta kama sanda, har na sa masa shafi mai laushi a ciki don kada ɗinkin ya goge masa ciwo. Ina gaya muku, aikin ya yi kyau. Na ɗaga shi ina yaba kaina, ina cewa ko ba na son su ai ban yi masa ha'inci ba. Guntun da na yanke na jefa a kwandon ƙyalle. Dokar mami ce duk ƙyallen kamo a ƙone shi kafin a tashi kasuwa, don kada ya faɗa hannun da bai kamata ba. Da magariba aka zo aka kwashe.

Ranar Juma'a ban je Kuchigoro ba saboda aiki, da yamma ya dawo. Na miƙa masa ina jiran godiya. Ya jingina sanda ɗaya da bango, ya zaro wandon, ya riƙe shi ta ƙugu ya sake shi ƙasa. Ƙafa ɗaya ta sauka har ƙasa, ɗayar ta tsaya a sama kamar safa. Ya daɗe yana kallo.

“Ina sauran?”

“Wane saura? Ba ka ce yana jan ƙasa ba?”

“Naɗewa ake yi, ƙanwata. A naɗe shi sama ta baya, a kama da fil ko a ɗan riƙe da zare. Ba a yankewa.”

“To me za ka zuba a ciki?”

Haka na faɗa. Na rubuta shi yadda ya fito don ku san irin bakin da nake da shi.

Bai yi ihu ba. Da ya yi ihu da na ji sauƙi, don na iya rama ihu. Ya zauna a benci ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Ranar Litinin zai tsaya gaban kwamitin likitoci, su ne bod ɗin. Su za su ce ko a bar shi a aiki, a ba shi tebur a wani ofis, a sa sunansa cikin masu jiran ƙafar roba, ko kuma a sallame shi. Wata bakwai yana jiran ranar. Ana shiga ne da cikakken kaki, kuma akwai wani saja-manjo a ƙofa wanda aikinsa ke nan, duba shiga. Wanda ya gani ba daidai ba sai ya mayar da shi, fayil ɗinsa ya koma ƙasan tari, wata nawa kuma sai Allah. Naɗaɗɗen wando shiga ce daidai, don yana nufin soja ne mai jiran ƙafa. Yankakke kuwa lalata kayan gwamnati ne.

“Kuma in na shiga da wannan,” ya ce, “ni da kaina na gaya musu na gama.”

Na ce ya kawo wani wandon in naɗe masa kyauta. Ya ce ɗaya wandon nasa, likitoci sun farke shi a jikinsa ranar da motarsu ta taka nakiya. Na ce ya karɓi sabo a sito. Ya yi 'yar dariya ya ce mai sito ya gaya masa ba a ba marar lafiya sabon kaya, sai ya warke. Na ce zan sayi yadi in ɗinka sabo daga aljihuna. Ya zaro rigarsa daga ledar ya ɗora a kan sabon yadin da ke teburina. Ba sai ya yi magana ba. Rigar toka, yadin kore shar. Makaho ma zai gane ba tare aka haife su ba, balle saja-manjo.

Na ruga bayan kasuwa inda ake ƙona ƙyalle, na tona da kara. Zik na samu guda biyu da maɓallin ƙarfe.

Mama ta dawo ranar Asabar da safe, ko jakarta ba ta ajiye ba na gaya mata. Na zaci za ta mare ni, don ta taɓa yi a kan abin da bai kai wannan ba. Ta ɗauki wandon ta juya cikinsa, ta ga shafin da na sa.

“Har da shafi,” ta ce. “Kin yi masa likkafani mai kyau.”

Sai ta tambaye ni me ya ce da ya kawo. Na ce ya ce yana jan ƙasa. Ta ce sai me. Na ce ban ji sauran ba. Ta ce, “Ba ki ji ba, ko ba ki bari ya faɗa ba?” Ta ce, “Da mai tauraro a kafaɗa ne ya kawo, da kin yanke?”

Ta zauna ta cire ɗankwali ta share fuska. Sannan ta tura buhun nan na ƙarƙashin tebur da ƙafa har ya fito fili.

“Shekara talatin ban taɓa buɗe kayan wani na ba wani ba. Yau kin sa ni. Ke za ki zaɓa, ni ba zan sa hannu ba.”

Na zazzage shi a ƙasa. Wanduna sun fi ashirin, kowanne da takardarsa. Na riƙa ɗora ƙafa kusa da ƙafa a bakin ƙofa inda haske yake, don toka ma iri-iri ce: akwai mai ja-ja ta jan ƙasa, akwai mai fari ta yashi. Ana haka dole ki karanta sunayen, ba yadda za ki kauce. Akwai wanda na tuna fuskarsa, akwai wanda na tuna abin da na ce masa. Wando na goma sha huɗu ne ya dace, launi da faɗi duka. Takardar ta ce Garba, rage ƙugu inci uku. An rage, aikin hannuna ne ma.

Yanzu ku saurari yadda ake irin wannan haɗin, don wata rana zai zo muku. Wandon soja yana da faci a gwiwa, yadi biyu ne, kuma ƙasan facin akwai ɗinki biyu a jere. A nan kaɗai za ki ɓoye haɗi. Na warware jakar da na yi, na warware ƙasan facin, na yanke wandon Kofur daidai layin. Na yanko ƙafar Garba da rarar inci ɗaya, na cusa ta ƙarƙashin facin. Wahalar tana wurin zane: dole baƙin tabo ya shiga baƙi, ruwan ƙasa ya shiga ruwan ƙasa, in ba haka ba ido zai tsaya a wurin. Sau uku ina kamawa da fil ina sakewa. Zaren ma sabo ne, yana ƙyalli, sai da na jiƙa shi a ruwan shayi na shanya. Na daka da guduma, na bi tsofaffin ramukan allura ɗaya bayan ɗaya, da hannu nake juya keken ba da ƙafa ba. Aikin da na ɓata cikin minti ashirin ya ci mini yini guda.

Ya zo ranar Lahadi bayan coci. Ya shiga bayan labule ya sa, ya fito. Mama ta durƙusa ta naɗe ƙafar sama ta baya, ninki biyu, ta kama da fil biyu daga ciki yadda ba a gani. Ya sa rigar, ya gyara hula, ya tsaya gaban madubi ya miƙe iyakar yadda sanduna za su bari. Ya shafa gwiwar yana neman haɗin, sai da ya lalubo da farce.

“Na waye?”

Mama ta kalle ni. Na ce, “Sunansa Garba.”

“Garba wa? Wane bataliya?”

“Garba kawai aka rubuta.”

Ya yi tunani. “Na san Garba uku,” ya ce. “Allah ya ji ƙansu duka.” Sai ya juya wurin Mama yana murmushi. “Ka gani, Mama, yanzu ƙafa ɗaya Kirista, ɗaya Musulmi. Bod ba su da ta cewa.”

Mama ta yi dariya har da tafi. Ni na ce, “Oga Kofur, ka yi haƙuri.” Sau ɗaya na faɗa, kuma ƙasa-ƙasa, kamar ana cire mini haƙori. Ya ce, “Ya wuce, ƙanwata. Ki yi mini addu'an Mande kawai.”

Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Duk ƙarar da na ji a bakin shago sai na ɗaga kai. Ranar Laraba da hantsi sai ga shi, ba kaki, da riga mai hoton ƙwallo da gajeren wandon nan, wata mata mai goyo na biye da shi ɗauke da jaka. Ya ce matarsa ce. Ta gaishe mu ta ajiye jakar a benci ta koma waje ta tsaya.

Mama ta ce, “Yaya, ɗana? An bar ka ka shiga?”

“Na shiga, Mama. Saja-manjo ya duba ni sama da ƙasa ya ce in wuce. Aikinku ya ci jarrabawa.”

“To su fa?”

“Su suna bayan tebur. Mutum biyar. Suka ce in zauna, na zauna. Ɗaya yana waya. Ɗaya ya tambayi sunana, ya duba takarda ya ce haka ne. Ba su kai minti biyar ba. Ba wanda ya leƙo ƙasan tebur.” Ya gyara sanda. “Sun sallame ni. Jiya na mayar da kaya sito, har da wandon. Mai sito ya ƙirga, ya ce komai ya cika.”

“Ƙafar fa?”

“Wai in je gida, za a kira ni. Na tambayi wani da aka sallama bara ko an kira shi. Ya ce layin wayarsa dai a buɗe yake.”

A shagon da ke kusa da mu wani yana ta guga, ana jin ƙamshin sitaci.

Ya buɗe jakar da hannu ɗaya ya fito da wanduna uku na gida: baƙi na zuwa coci, jins ɗaya, da wani ruwan toka da ya tsufa. Duk ukun an naɗe ƙafar hagu an kama da fil, har fil ɗin ya yi tsatsa ya ɓata yadin. Ya ɗora su a teburina, ba na Mama ba.

“Jibi za mu tafi ƙauye. Can ciyawa ne da laka, naɗi ba zai yi ba, yana kwancewa. Ki yi mini irin wancan na farko, da abin nan mai laushi a ciki. Na sa hannu na ji shi ranan nan. Ban taɓa ganin mai kyau haka ba.”

Na kalli Mama. Ta mayar da kanta kan kekenta.

Na ɗauki tef na zagayo tebur na durƙusa a gabansa, a bakin ƙofa, duk layi na kallo. Ban taɓa yi ba, hannuna bai san inda zai fara ba, shi ya nuna mini: daga ƙugu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙarshen bandeji, a bar yatsa uku don kumburi. Na ja layi da sabulu a kan baƙin wandon. Sannan na maimaita masa abin da ya ce, kalma bayan kalma, na tambaye shi ko haka ne. Ya ce haka ne.

“Oga Kofur, zan iya tura rarar ciki in kama da zare, ba sai na yanke ba. Ba za ta dame ka ba. In an kira ka sai a warware.”

Ya kalli matarsa a waje tana jijjiga goyo, ya kalli layin sabulun.

“Yanke, ƙanwata,” ya ce. “Duka ukun.”